Ni ne ɗan fari, ina jin kiran zama firist, Inna kuma ta yi shiru

Ɗan Mabera:
Salama gare ku iyayena da 'yan'uwana na wannan zaure. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a nan ba tare da na sa baki ba, amma yau na zo da wata damuwa wadda ta fi ƙarfin tunanina ni kaɗai. Shekaruna 25, na gama Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, na yi bautar ƙasa, yanzu kuma ina koyarwa a wata makarantar kuɗi a nan cikin gari. Iyayenmu mutanen ƙasar Malumfashi ne. Aiki ya kawo mahaifinmu Sakkwato, a nan aka haife mu duka, a nan kuma ya rasu shekara 3 da suka wuce. Mu biyar ya bari, ni ne babba. Mai bi mini tana makarantar koyon aikin jinya, ƙannena maza biyu suna sakandare, autarmu tana firamare. Inna tana awon hatsi a kasuwa, albashina kuwa, duk da bai taka kara ya karya ba, shi ne yake biyan kuɗin makarantar yara da rabin kuɗin haya.

Tun ina ɗan shekara 10 nake hidimar bagadi a babban cocinmu na Iyali Mai Tsarki da ke Bello Way, kuma tun daga wancan lokaci tunanin zama firist, wato Fada a cocin Katolika, bai taɓa rabuwa da ni ba. Na zaci jami'a za ta kawar da shi, bai kau ba. Na zaci rasuwar Baba da nauyin da ya faɗo mini za su binne shi, sai ma ya ƙara ƙarfi. Bayan Ista na zauna gaban Inna na faɗa mata. Ba ta ce mini uffan ba, ta tashi ta ci gaba da aikinta. Bayan kwana biyu Goggo ta zo ta ce mini babban wa magajin uba ne, kuma Kawu ya ce ba zai zuba ido ɗan ɗan'uwansa ya mutu tuzuru ba. Kawun nan Musulmi ne, mutumin kirki ne, shi ya tsaya mana lokacin jana'izar Baba, saboda haka ba na iya ɗaukar maganarsa da wasa. Tambayata ita ce: idan na tafi, na yi wa Inna butulci ne? Idan kuma na zauna, na ƙi muryar Allah ne?

Matashi daga Gawon Nama:
Yayana, ni dai ban ga abin da ya kai ga doguwar shawara a nan ba. Sa'ad da Ubangiji ya kira Yakubu da Yohanna a bakin tekun Galili, suna cikin jirgi tare da mahaifinsu Zabadi suna gyaran taru, nan take suka tashi suka bi shi, ba su ce bari mu je mu ji ta bakin dangi ba. Wanda ya kira ka shi ne yake ciyar da tsuntsaye, ba zai bar Inna da yara su kwana da yunwa ba. Dayosis ɗinmu, wato yankin da ke ƙarƙashin Bishop ɗinmu, ƙasa ce mai faɗi, firistocin da suke jin Hausa tun daga nono kuwa ba su da yawa. Ka rubuta takardarka ta neman shiga seminari, makarantar horar da firistoci, ka kai, sauran ka bar wa Allah.

Maman Zumunta:
Ɗana na Gawon Nama, na yaba da zafin bangaskiyarka, amma ka sake buɗe Markus sura 1 ka karanta a hankali. An rubuta cewa sun bar mahaifinsu a cikin jirgi tare da ma'aikatansa. Zabadi yana da masu taya shi jan taru. Wannan baiwar Allah da ake magana a kanta gwauruwa ce mai awon gero da dawa, ba ta da ma'aikaci ko ɗaya sai wannan yaro.

Kai kuma ɗana mai tambaya, akwai abin da nake so ka lura da shi a matsayina na uwa, kuma Bahaushiya irin mahaifiyarka. Kai ɗan fari ne. A tarbiyyar da muka taso da ita, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama ta yi doguwar hira da shi, ba ta kuka a gabansa. Shirun da ta yi maka ba lalle ba ne ya zama ƙi. Kunya ce ta hana ta buɗe maka cikinta, shi ya sa magana ta biyo ta bakin Goggo. Sai dai kuma ka sani, saƙon da ya bi ta bakin mutum biyu yakan ɗauko kayan da ba nasa ba. Maganar magajin uba da maganar tuzuru, ina jin ta dangi ce. Ta Inna ba ka ji ta ba tukuna. Shekarata fiye da 30 a Zumuntar Mata Katolika, na ga iyaye mata da suka yi rawa ranar naɗin 'ya'yansu bayan sun yi shekaru suna kuka a ɓoye, na kuma ga waɗanda har suka koma ga Allah ba wanda ya tambaye su abin da yake cin ransu. Kada ka yanke hukunci kafin ka san abin da shirun nan yake ɗauke da shi.

Baba Katikis:
Salama ga kowa. Mama ta riga ta faɗi rabin abin da ke bakina, bari in ƙara da abin da Ikilisiya take koyarwa, domin kada mu auna wannan al'amari da ra'ayinmu kawai.

Dokar Ikilisiya, a sashe na 1026, ta ce wanda za a naɗa firist dole ya kasance da cikakken 'yanci. Haramun ne a tilasta wa mutum karɓar naɗi ta kowace hanya, haramun ne kuma a kange wanda ya cancanta. Ke nan Kawu ba shi da ikon hana ka, haka nan mu da muke marmarin ganin ɗanmu a bagadi ba mu da ikon tura ka. Katikisim ma, littafin koyarwar Katolika, a sakin layi na 2230 da na 2232, ya ce iyaye su ba da shawara amma kada su matsa wa 'ya'yansu a zaɓen sana'a ko abokin aure, kuma dangantakar iyali tana da muhimmanci ƙwarai amma ba ita ce a sama da kome ba. Wannan gefe ɗaya ke nan. A ɗaya gefen, ka tuna yadda Ubangiji ya tsawata wa Farisiyawa a Markus sura 7, domin sun yarda mutum ya ce abin da zai taimaki iyayensa da shi ya riga ya keɓe shi ga Allah, ta haka ya kuɓuce wa dokar girmama uwa da uba. Ka tuna kuma cewa shi kansa, yana rataye a kan gicciye, bai saki ransa ba sai da ya danƙa mahaifiyarsa a hannun Yohanna. Ni a fahimtata, wanda yake so ya bi sawun Yesu zuwa bagadi, ya bi sawunsa a wannan ma: ya san hannun da zai bar uwarsa a ciki.

Abu na biyu, ɗana, hanyar tana da tsawo. Akwai shekarar horon ruhaniya, akwai shekara 4 na falsafa, akwai shekara 4 na tauhidi, akwai kuma shekarar aiki a cikin jama'a, wato kusan shekara 9 zuwa 10 kafin a ɗora maka hannu. A duk tsawon nan ba ka da albashi. Autarku da take firamare yau za ta gama sakandare kafin ka yi Misarka ta fari. Wannan lissafin ne ya kamata ka zauna ka yi da alƙalami da takarda, domin bangaskiya ba ta hana lissafi, shi kansa Ubangiji ya yi misali da mai ginin hasumiya da ya fara zama ya ƙidaya abin da zai kashe.

Tsohon ɗan seminari:
Na yi jinkirin magana domin abin ya taɓa ni. Na shiga seminari ina saurayi, na gama falsafa, sannan ni da Fadan da yake mini jagorar ruhaniya muka fahimci cewa ba nan Allah yake so na ba. Yau ina da mata da 'ya'ya uku, ina koyar da katikisim ga masu shirin aure, kuma ban taɓa jin cewa na faɗi jarrabawar Allah ba. Amma shekarar da na dawo gida ta yi mini ɗaci. Mutanen da suke kirana ƙaramin Fada tun ban kai ko'ina ba, su ne suka riƙa kau da kai idan mun haɗu a ƙofar coci, mahaifiyata kuma ta yi watanni tana zama a kujerar baya. Na kawo wannan ne domin ka gane cewa shiga seminari tambaya ce ake yi wa Allah, amsar kuma tana iya zuwa da i ko a'a, daga gare ka ko daga masu horar da kai. Ka faɗa wa iyalinka haka tun yanzu, kada su ɗauka cewa ranar da ka ɗauki jaka an riga an naɗa ka.

Sai maganar kuɗi, wadda mutane suke jin nauyin faɗa. Firist na dayosis yana yin alkawarin zama ba aure da biyayya ga Bishop, amma ba ya yin wa'adin talauci irin na 'yan ƙungiyoyi kamar Dominikan. Saboda haka yana iya mallakar abu, yana iya taimakon mahaifiyarsa daga abin da yake samu, kuma da yawa suna yi. Amma ina roƙonka kada ka lallashi Inna da cewa idan ka zama Fada wahala ta ƙare. Ana iya tura ka ƙauyen da baikon ranar Lahadi ba zai cika tankin babur ba. Na ga samarin da dangi suka ɗora wa wannan buri, ya zama musu sarƙa a wuya, ba su iya fita ko da sun gane ba kiransu ba ne.

Ma'aikaciyar jinya daga Arkilla:
Iyayena, ku gafarce ni in kawo wadda ba a ambata ba. Kowa yana cewa a san hannun da za a bar Inna a ciki, kuma duk mun san hannun wa ake nufi: na ƙanwarsa mai karatun jinya. Shin an tambaye ta? Ni ce babba mace a gidanmu, kuma sa'ad da wana ya tafi neman abin kansa, ba wanda ya zaunar da ni ya ce ga kayan da za ki ɗauka. Na farka ne kawai na gan shi a kaina, aurena ya ja baya da shekara 5. Ita ma wannan yarinya tana da nata kiran. Wataƙila aure ne, wataƙila ma tana kallon Sistocin Dominikan na Gusau tana jin abin da yayanta yake ji, amma ba ta da bakin faɗa. Mun saba idan namiji ya ce zai zama Fada a yi ta murna ko a yi ta muhawara, idan mace ta ce za ta zama Sista sai a ce wa zai ba mu jikoki, a rufe maganar. Yayana, kafin ka je wurin kowane Fada, ka zauna da ƙanwarka ka tambaye ta tsakani da Allah, kuma ka ba ta damar ta ce ba za ta iya ba.

Ɗan Mabera:
Yaya, maganarki ta same ni inda ban zata ba. Gaskiya ne, a duk lissafin da nake yi a zuciyata ina cewa nan da shekara 2 za ta gama ta samu aiki, kuma ban taɓa tambayarta ba. Na ɗauki rayuwarta na sa a cikin shirina kamar tawa ce. Zan gyara wannan a daren yau. Mama, ke ma na ji, zan roƙi Goggo ta koma ta zauna da Inna, ta saurara kawai ba tare da ta kai mata ra'ayin kowa ba.

Matashi daga Gawon Nama:
Na karɓi gyaran Mama a kan ma'aikatan Zabadi, ban taɓa lura da wannan ba. Amma har yanzu ina da tsoro guda, kuma ina roƙon Baba ya duba shi. Hidimar gida ba ta ƙarewa. Bana kuɗin makaranta ne, baɗi auren ƙanwa ne, bayan nan rashin lafiya ne. Idan aka ce sai kome ya daidaita, gemunsa zai yi furfura yana jira. Waliyyi Toma Akwinas, wanda ɗan ƙungiyar Dominikan ne kamar waɗanda suka kafa mana wannan dayosis, danginsa sun tare shi a hanya suka kulle shi kusan shekara guda domin ya tuɓe rigar, bai tuɓe ba. Da ya bi son ransu, da Ikilisiya ta yi asarar babban malami. A ina ne haƙuri yake ƙarewa, jan ƙafa ya fara?

Baba Katikis:
Tambayarka tana da kyau ɗana, kuma ba zan kauce mata ba. Dangin Toma masu sarauta ne da dukiya, abin da ya ɓata musu rai shi ne ɗansu ya zaɓi ƙungiyar masu wa'azi da suke rayuwa da sadaka, alhali suna so ya samu babban matsayi. Girman gida suke karewa. Wannan uwa kuwa abincin marayu take tunani, kuma waɗannan biyu ba a auna su da mudu ɗaya. Amma ka yi gaskiya cewa jira marar iyaka ƙi ne da aka yi masa ado. Bambancin a wurina shi ne wa'adi da jagora. Wanda ya je wurin Fadan da yake kula da masu neman shiga seminari, ya bayyana halin gidansu ba ɓoye-ɓoye, ya tambaya ko akwai iyakar shekarun da ake karɓa, suka yanke tare cewa nan da shekara kaza zai shigo, yana zuwa Misa da ikirari, yana ganin jagoransa a kai a kai, wannan yana kan hanya ko da bai bar Mabera ba. Wanda kuwa yake cewa wata rana, wata rana, ba tare da ya faɗa wa kowa ba, shi ne mai jan ƙafa.

Tun da ka ambaci Dominikan, bari in tuna mana abu guda. Daga Amurka suka zo, aka ba su wannan yanki a 1953, ya zama dayosis a 1964 da Bishop Edward Lawton, bayansa Bishop Michael Dempsey, sannan Bishop Kevin Aje, sannan Bishop Matthew Hassan Kukah tun 2011. Sai a 2023, da aka yanke dayosis ɗin Katsina daga namu, muka ga ɗan Malumfashi, Bishop Gerald Mamman Musa, ya hau kujera. Shekara 70 ke nan tsakanin shuka da wannan girbi. Mu da muka yi aikin katikis a ƙauyuka muna fassara wa Fada wa'azi, mun fi kowa ƙishin ganin 'ya'yanmu a bagadi. Duk da haka ba na so mu samu firist guda ta hanyar da za ta sa yara huɗu su tashi suna ganin coci ce ta raba su da karatu.

Ɗan Mabera:
Iyayena, na dawo bayan kwana uku, kuma abin da na samo ya bambanta da abin da na zata. Na fara da ƙanwata. Ta yi kuka, ta ce ta daɗe da sanin abin da ke raina tun kafin in faɗa, kuma ba ta ƙi ba, amma tana roƙona in bari ta gama ta kama aiki, kuma kada a ɗora mata ita kaɗai, a kira Kawu da sauran dangin Baba a raba nauyin a fili kowa ya ji. Na ga wannan adalci ne.

Sai Inna. Goggo ta kwana a wurinta, kuma Mama ta yi gaskiya, ba maganar jikoki ba ce, ba ma maganar kuɗi ba ce. Ta ce Baba ya bar 'ya'ya maza uku, sunansa ba zai ɓata ba, kuma wadda ta ci da marayu shekara 3 da mudu ba za ta kasa ci gaba ba. Abin da yake hana ta barci shi ne Michael Nnadi. Tun ranar da aka sace shi tare da 'yan'uwansa ɗalibai uku daga seminarin Makiyayi Mai Kyau da ke Kaduna a watan Janairu na 2020, aka sako sauran shi kuma aka kashe shi yana ɗan shekara 18, ɗan wannan dayosis namu, ta ce duk sa'ad da ta gan ni cikin farar riga a bagadi sai gabanta ya faɗi. Ta ce ta binne miji, ba ta da ƙarfin da za ta jira waya daga daji. Ban san abin da zan ce mata ba. Duk amsoshin da na tanada na kuɗin makaranta ne da na haya.

Tsohon ɗan seminari:
Ƙanena, kada ka yi mata alkawarin da ba ya hannunka. Ba wanda zai iya ce mata ba abin da zai same ka, domin ta san labarin firistocin da aka sace a hanyoyin nan kamar yadda muka sani. Abin da kawai zan ce, malamin makaranta ma yana bin hanyar Gusau da Funtuwa idan zai je gida, manomi ma ana ɗaukarsa a gonarsa. Zamanka ba firist ba bai zama katanga ba. Amma wannan magana ce ta hankali, kuma ba yau ce ranar faɗa mata ita ba.

Maman Zumunta:
Ba yau ba ce, kuma ba daga bakinsa ba. Ɗana, yanzu da ta furta abin, rabin nauyin ya sauka, domin shekara da shekaru tana ɗauke da shi ita kaɗai. Kada ka je mata da ayoyi, kada ka ce mata Budurwa Maryamu ma ta ba da nata ɗan. Ta san wannan fiye da kai, tana jan rosari tun ba a haife ka ba, kuma ta san cewa an faɗa wa Maryamu takobi zai soki zuciyarta, ya kuma soka. Abin da take bukata shi ne mata irinta. Akwai iyaye mata biyu a zumuntarmu da 'ya'yansu suke aikin firist a wuraren da ba a kwana da ido biyu rufe, zan roƙe su mu je gaishe ta tare, gaisuwa kawai, mu yi addu'a, idan ta buɗe magana mu saurara. Kai kuma ka ci gaba da abin da ka saba, ka kawo cefane, ka duba littattafan yara, kada ta ga kamar ka riga ka tafi alhali kana gida.

Baba Katikis:
Ni kuma zan ɗauki ɓangaren Kawu, domin magana irin wannan tsakanin dattawa take tafiya. Mutumin da ya tsaya muku ranar jana'iza ya cancanci a je har gida a yi masa bayani da girmamawa, a gaya masa cewa a wurinmu wanda ya bar aure saboda hidimar Allah ba a kiransa tuzuru, uba ake kiransa, kuma a nemi hannunsa a kan karatun yaran ɗan'uwansa. Ba lalle ne ya gamsu ba, amma zai san ba a raina shi ba. Ɗana, ka same ni ranar Lahadi bayan Misar Hausa, ka zo da takardar baftismarka da ta tabbatarwa, da lissafin kuɗin makarantar kowane yaro har zuwa gamawarsa. Daga nan mu shiga wurin Fada tare ka faɗa masa da bakinka.

Ɗan Mabera:
Na gode Baba, zan zo da su. Mama, Inna takan dawo daga kasuwa bayan la'asar, ranar Laraba kuma ba ta fita. Zan gaya wa Goggo ta sanar da ita zuwanku, domin ta fi sakewa idan Goggo tana wurin, ni kuma zan kwashi yara mu bar muku gidan.